Ƙullin Baba da Firjin Pascal

Ku da kuke biye da ni tun farko, sannunku da haƙuri. Ku kuma da yau kuka fara leƙowa, ku nemi wuri ku zauna, zan ɗan koma baya saboda ku. Maimaita magana ba ya damuna, 'yan aji biyu na firamare nake koyarwa.

Sunana Noella, ni ce autar gidanmu. Da kakata ta rasu, ni aka bar wa ɗan gidanta na katako da ke bayan coci, da labulayenta masu furanni, da kujerarta mai lilo, da tsohon tanderun da ke ɗakin ƙasa yana ɗumama gidan. Mai yake sha, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba. Gwaggo Irma muke kiransa, don gurnanin da yake yi da safe sak irin na wata ƙanwar kakata mai wannan suna. A watan Satumba babana Armand, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a gyaran tanderun mutanen garin nan, ya sauka ya duba Gwaggo kamar yadda ya saba kafin sanyi ya shigo. Ya daɗe a ƙasa. Da ya hau, hularsa a hannu take. Ya ce cikinta ya tsage, in aka kunna ta hayaƙi mai guba zai bi bututu ya shigo ɗakuna. Da hannunsa ya rufe mata mai. Mama ta ce ko ranar da aka binne ainihin Gwaggo Irma bai yi jugum irin na ranar ba.

Dole ke nan in zaɓi abin da zai maye gurbinta. Baba ya ce sabon tanderu, magana ta ƙare. Shi kuwa Pascal, saurayina, sana'arsa ita ce kafa na'urar jawo ɗumi. Akwati biyu ce: ɗaya a waje mai fanka, ɗaya doguwa a bangon falo. Ta wajen tana zuƙo ɗan ɗumin da ke cikin iskar waje, ko da ana ɗari, ta miƙa wa ta cikin. Ranar da Pascal ya fara zuwa cin abinci gidan iyayena, ya so ya sauƙaƙa wa Baba bayani, sai ya ce ai kamar firji ne da aka juya bayansa. Tun daga ranar Baba bai sake kiran sunansa ba, mai firji yake ce masa. In Pascal ya buɗe baki zai ƙara bayani, sai in ga Baba ya kai hannu bayan kunne a hankali ya kashe na'urar da ke taimaka masa ji, ya ci gaba da gyaɗa kai yana murmushi.

Masu karatu, ba sanyin ne ke cin raina ba. Ina son Pascal, kuma na san inda maganarmu ta dosa. Amma ban san yadda zan zauna da mijin da babana ke kashe kunne in ya yi magana ba.

Mama ce ta sasanta. Aka yarda Pascal ya kafa min na'urarsa na gwaji, ranar Lahadin farko da sanyi ya sauko sosai kuma Baba ya zo gidana cin abincin rana. Baba ya ce shi bai yarda da lambar da ake karantawa a bango ba. In man shanun da ke kan tebur ya yi laushin da wuƙa za ta shafa shi a kan wainar nan tamu da muke kira ploye, gida ya yi ɗumi. In bai yi ba, a kawo tanderu. Haka ya auna gidajen mutane duk tsawon aikinsa.

Kafin mu kai ga Lahadin, bari in gaya muku wani abu game da babana, don zai yi muku amfani a gaba. Kun san dai yadda garin nan yake komawa in Oktoba ta zo ƙarshe: kowa ya fito da tampol yana lulluɓe kayansa. Kwalekwale, murhun gashin nama, kujerun tsakar gida, iyakwandishan, itacen hura wuta, har ƙananan shuke-shuke ana naɗe su da algarara kamar jarirai. To, a wannan fanni babu na biyun Baba. Mama ta ce in ka tsaya wuri ɗaya a tsakar gidanmu a watan nan, sai a bazara za a kwance ka. Yana da wani ƙulli na kansa da yake ƙarasa ɗauri da shi, iska ba ta kwance shi, mutum ma ba ya iyawa, amma shi da ja ɗaya yake warware shi. In zai ja, sai ya juya baya ya kare da jikinsa, kamar mai cirar kuɗi a na'urar banki. Denis, mijin yayata Carole, tun kafin su haifi babban ɗansu yake roƙon a nuna masa. Har yau iyakar matsayin da ya samu shi ne ya danne igiya da yatsa.

Ranar Asabar na wuni a makaranta, muna kasuwar kayan hannu da iyayen yara. Pascal kuma ya tafi wani aiki can gaba da garin Edmundston, sai Lahadi zai dawo. Da na koma gida na ɗan ji falon ba kamar kullum ba, na ce gajiya ce, na sha shayi na kwanta.

Da safe hancina ne ya tashe ni. Na taɓa shi na ji kamar ba nawa ba. Na fito falo, na tarar da na'urar bango tana ta ƙifta wata 'yar fitila, ba ta hura komai. Na ɗauki waya.

"Pascal, gidan ya yi sanyi."

"Sanyi yaya? Kin taɓa wani maɓalli?"

"Ban taɓa komai ba. Ka ce kada in taɓa, har takarda na manna a kai."

"Ƙanƙara ta taru a kan ta wajen?"

Na leƙa ta tagar kicin. Daga nan ba a hango akwatin, a bayan gida yake, amma na ga dusar ƙanƙarar da ta sauka ko ciyawa ba ta rufe ba. Na ce masa babu. Ya ce yana hanya, in yi haƙuri, in kashe in sake kunnawa. Na kashe na kunna. Fitilar ta ci gaba da ƙifta min ido kamar ɗalibin da ya san amsa amma ya ƙi faɗa.

A zauren hirar gidanmu na waya kuwa, tuni an fara. Carole ta turo hoton man shanu da alamar tambaya. Denis ya ce shi yana bayan mai firji, ko don a samu wanda zai taya shi danne igiya. Mama ta rubuta: "Auta, mun fito daga coci za mu biyo. Babanki ya sa rigar kirki. Kada ki cika gishiri."

Na yi niyyar sa koriyar rigata ta ulu mai ƙaramar wuya, da 'yan kunnen kakata. Na sa su. Amma a ƙarƙashin rigar akwai 'yar ciki mai dogon hannu, da wasu biyu a kanta, da dogon wando na barci da na naɗe ƙafafunsa don kada su leƙo, da safa biyu. Da na duba madubi sai na ga kamar an yi min ƙari a ko'ina. Na kunna tandar gasa burodi na bar ƙofarta a buɗe, na ɗora miyar fricot ta kaza da dankali, na cika kowace tukunya da ruwa na ɗora a wuta. Kicin ya yi tururi, tagogi suka yi gumi, falo kuwa ko a jikinsa. Na tsaya ina kallon man shanun a cikin farantinsa na gilashi. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta ce in ɗan ɗora shi a kan murfin tukunya. Sai na tuna ranar Juma'a na gama yi wa yara nasiha a kan leƙen takardar maƙwabci. Na ajiye shi a tsakiyar tebur yadda yake.

Baba ya shigo da baƙar kwat ɗinsa ta coci da hular kunne. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya hura iska, ya bi tururin bakinsa da kallo har ya watse.

"Auta, ashe a waje za mu ci abincin?"

"Baban Carole, ka bari mu zauna tukuna," in ji Mama. Ta rungume ni, ta ji kaurin kayan da ke jikina, ta dube ni sama da ƙasa. Ita ma ba ta cire mayafin wuyanta ba.

Muna zama Pascal ya iso, kai tsaye daga hanya. Ya sa shuɗiyar rigar nan mai gida-gida da na saya masa, ya taje gashinsa da ruwa, yana riƙe da furanni na Mama. Ya gaishe su, tururi na fita daga bakinsa tare da gaisuwar. Na ga lokacin da ya lura. Fuskarsa ta yi irin ta yaron da ya haddace karatu tsaf, aka kira shi gaban allo ya tarar an canja shafi. Ya nufi na'urar bango, Baba ya ce ya zauna, ba a barin abinci yana jira.

Na kawo wainar da zafinta. Baba ya ɗauki wuƙa, ya gyara gilashinsa, ya ɗora ta a kan man shanun ya danna. Bai shiga ba. Ya ƙara ƙarfi. Wani gutsure ya ɓalle, ya yi tsalle ya wuce kafaɗar Mama, ya faɗi ƙasa da ƙara kamar tsakuwa.

Ba wanda ya yi dariya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Baba bai yi murna ba. Ya ajiye wuƙar a hankali, ya ce wa Pascal shi ba ƙinsa yake yi ba, ya ga yaro ne mai ladabi, amma ladabi ba ya hana bututun ruwa fashewa a watan Janairu. Ya ce gobe zai kira wani tsohon abokin aikinsa a kawo tanderu, kowa ya huta.

Ni ba mai jayayya ba ce. A aji ma in yara suka yi surutu, murya nake ragewa, ba ɗagawa ba. Haka na yi.

"Baba, ba za a kira kowa ba. Na riga na zaɓa. Wannan na'urar zan riƙe, ko da kuwa riga uku zan dinga sawa."

"Huɗu kika sa," in ji Mama, idonta a kan miya.

Baba ya dube ni ya daɗe. Sannan ya tambaya, na'urar na zaɓa ko mai ita. Na ce ai tare suka zo.

Pascal ya yi ja har kunnuwa. Ya nemi izini ya ce bari ya duba ta wajen. Ya fita. Miya ta fara hucewa bai dawo ba, sai na zura takalman roba na bi shi.

Na same shi a bayan gida, tsugune. A gabansa, inda akwatin na'urar yake, akwai wani kyakkyawan ƙunshi. Shuɗin tampol sabo fil, an ninke kusurwoyinsa kamar kyautar Kirsimeti, algarara tana leƙowa daga ƙasa, an ɗora bulo a sama don iska. Igiya ta zagaye shi ta ko'ina, ta ƙare a kan wani ƙulli da na sani tun ban iya ɗaura takalmi ba. Shi kuwa Pascal ba ƙullin yake kallo ba. Hannu ya zura ƙarƙashin ƙafafun ƙarfen da akwatin ke zaune a kai, yana ta lalube, fuskarsa ta yi fari. Na ɗauka wayar wuta yake dubawa.

Baba da Mama suka iso bayana. Pascal ya miƙe da sauri, ya tsaya a gaban ƙunshin kamar zai iya ɓoye shi.

"Ina jin iska ce," in ji shi. "Ta kwaso tampol ɗin maƙwabta ta yafa masa."

Mama ta sunkuya ta duba ƙullin. "Iskar nan kuwa, shekara arba'in ina aure da ita."

Baba ya sosa ƙeya ta ƙarƙashin hula. Ya ce jiya ya zo naɗe min furannin bakin katanga, sai ya ga akwatin yaron nan a tsaye tsirara, abu mai tsada, ga dusar ƙanƙara na tafe. Ya ce ya ɗauka irin na gidan Carole ne, na sanyaya ɗaki, aikinsa sai bazara, ɗumi kuma daga na bango yake fitowa. Har gida ya koma ya ɗauko sabon tampol ɗin da ya saya wa kwalekwalensa. Kwalekwalen yana can a buɗe.

Wannan ne ya taɓa ni. Ashe ba makirci ba ne, alheri ne ya kusa daskarar da mu.

Pascal ya fara cewa ai ya sha yi musu bayani, sai idonsa ya sauka a kan kunnen Baba, ya haɗiye sauran. Baba ya kai hannu bayan kunne. Na ɗauka kashewa zai yi. Amma wannan karon ƙara murya ya yi, har na ji 'yar na'urar ta yi shewa.

"To, faɗa min yanzu."

"Numfashi take yi, Baba. Da iskar waje take aiki. Kamar tanderu ne, in kuka toshe masa hanyar iska, wutar mutuwa take."

Baba ya dubi ƙunshin. "Da haka ka faɗa tun farko. Wa ya aike ka ga firji?"

Pascal ya ciro 'yar wuƙar aljihu zai yanke igiyar, Baba ya riƙe masa hannu ya ce shi ba a yanka masa igiya. Ya juya mana baya, ya kare da kwat, ya ja sau ɗaya, komai ya zube. Bayan akwatin duk ya yi farin ƙanƙara. Pascal ya kashe wutar ya sake kunnawa, ya ce sai ta narke da kanta tukuna, za a ɗan jira. Yana magana idonsa na ƙasa, yana neman wani abu a cikin ciyawa.

"Wannan kake nema?" in ji Baba.

Daga aljihun kwat ya fito da wani ɗan ƙunshi da bai wuce ƙwai girma ba. An naɗe shi da algarara, an ɗaure shi da siririyar igiya, da ƙullin nan a kai. Baba ya ce a manne ya same shi ƙarƙashin akwatin, cikin leda, kuma ba a barin irin wannan abu ya kwana a waje.

Daga baya Pascal ya gaya min dalili. Ya ce ni ce na jawo. Ina gyara masa aljihun mota, ina zazzage aljihun rigunansa kafin wanki, ko akwatin kayan aikinsa na taɓa jera masa daga ƙarami zuwa babba. A duk duniya nan ne kaɗai wurin da ya tabbata ba zan share ba. Niyyarsa in an gama cin abinci ya fito da ni ya ce zai koya min share wa na'ura ƙanƙara.

"Tun jiya yana hannunka ba ka gaya min ba?" in ji Mama.

"Da na gaya miki, da an sanar a coci."

Pascal ya karɓa. Ya dube ni, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya cikin dusar, da sabon wandonsa. Ni kuma ina tsaye da takalman roba, wandon barcina ya warware ya sauko ƙarƙashin koriyar riga, da zanen ƙananan agwagi a jikinsa. Ya fara kokawa da ƙullin. Ya ja nan, ya ƙara tsukewa. Ya sa farce. Ya sa haƙori. Yatsunsa suka yi ja don sanyi, gwiwarsa ta jiƙe. Ni na saba jiran yaro ya gama haɗa harafi, don haka na jira, amma Mama ta fara addu'a ƙasa-ƙasa.

Sai Baba ya matso. Bai karɓa ba, bai kuma juya baya ba. Ya sunkuya, da ciwon bayansa da komai, ya ɗora katon yatsansa a kan wani ɗan lanƙwasa da ke ɓuya a ƙarƙashi.

"Ba wannan ba, Pascal. Wannan za ka tura ciki, sannan ka ja gajeren."

Da sunansa ya kira shi, Pascal. Ba mai firji ba. Igiyar ta warware kamar ba a taɓa ɗaura ta ba. Cikin algarara akwai ɗan jan akwati, cikin akwatin akwai zobe siriri mai ƙaramin dutse, daidai irin wanda ba zai maƙale a rigar yara ba. Pascal ya tambaye ni ko zan aure shi. Na buɗe baki.

"Tsaya, Auta," in ji Baba, yana miƙewa da ƙyar. "Yarjejeniya tana nan. Sai wuƙa ta shiga man shanu."

Na san zan iya amsawa a nan take, babu mai hana ni. Amsar tana bakina tun bazara. Amma na dubi tsohon nan, a wata biyu ya rufe Gwaggo Irma, ya ba da tampol ɗin kwalekwalensa, ya ba da ƙullinsa. Na ce a bar masa man shanun. Pascal ma ya ce ya yarda. A bayanmu akwatin ya yi wani ɗan tari, ruwa ya fara ɗiga daga ƙasansa, fankar ta juya.

Muka koma ciki. Na sake ɗumama miya na kawo tukunyar kan tebur. Na'urar bango ta buɗe bakinta, wata iska mai laushi ta fara saukowa a kan kujerar kakata. Mu huɗu muka zauna, zoben a buɗe kusa da gishiri, kowa ya zuba wa farantin gilashi ido. Mama ta cire mayafi. Can Baba ya ɓalle maɓallin kwat na sama, ya yi kamar ƙaiƙayi ne ya dame shi.

Wayata ta yi motsi. Ashe Mama ta riga ta watsa labari. Carole ce: "Da gaske Baba ya nuna wa Pascal ƙulli? Denis ya ajiye cokali. Ya ɗauki makullin mota, ko hula bai sa ba."

Na ɗago kai, sai na ga gwiwar hannun Mama tana tafiya a kan tebur a hankali, tana tura farantin man shanun, kaɗan-kaɗan, har ya jingina da tukunyar miya. Na dubi Baba. Ya gani sarai. Sai ya cire gilashinsa, ya zaro hankici, ya shiga gogewa, yana gogewa, yana ɗaga shi sama yana duba wani datti da babu shi.

Da ya mayar da gilashin, ya tura wa Pascal wuƙar.

Pascal ya ɗauka. Ya ɗora bakinta a kan man shanun. A waje na ji motar Denis ta taka birki a ƙofar gida.